Boris ɗin Ƙafar Gaba da Ke Mutuwa Duk Wata Huɗu: Amsa ga Mai Land Cruiser a Ƙasar Suru

Tambayar ta zo ne daga wani Alhaji mai jigilar shinkafa shanshera daga fadamun Suru da Bunza zuwa kasuwar Jega da injinan casa na Birnin Kebbi. Motarsa a-kori-kura ce ƙirar Land Cruiser 75 mai injin gas 1HZ, kuma ya ce cikin shekara guda sau uku ana sauya masa boris ɗin ƙafar gaba ta hagu, wato zoben ƙarfe mai 'ya'ya da taya ke juyawa a kansa, kowane sabo ba ya wuce wata huɗu sai ya fara ƙugi. Ya ƙara da cewa wani baƙin abu mai kauri kamar kunu yana tsiyayowa daga bayan ƙafar yana ɓata cikin taya, kuma idan motar ta kai gudun kilomita 60 ta faɗa rami, sitiyari yakan kama rawa a hannun direba. Bakanikensa ya ce boris ɗin yanzu ne ba su da ƙwari, maganin abin shi ne a riƙa tamke noti da ƙarfi. Yana son ya san ko haka ne.

Alhaji, Allah ya ƙara arziki, ya kuma kiyaye hanya. Bakanikenka ya faɗi wani yanki na gaskiya, domin jabun boris sun yi yawa a kasuwa, amma shawarar tamke noti da ƙarfi ina roƙonka kada ka yarda a bi ta ko da sau ɗaya ne. A shekarun da na yi ina kwance ƙafafun irin waɗannan motoci, ban taɓa ganin boris na ainihi ya mutu a wata huɗu ba sai idan akwai abin da ke kashe shi daga baya, kuma baƙin kunun nan da ka ambata shi ne ya tona asirin inda ɓarnar take. Ƙugin boris da tsiyayar kunu da rawar sitiyari duk ciwo ɗaya ne da ya ɓullo ta wurare daban-daban, kuma muddin boris kaɗai ake sauyawa a mayar da taya, kuɗinka zai ci gaba da tafiya alhali motar tana ƙara lalacewa.

Domin ka iya tsayawa a kan bakanike ka fahimci abin da yake yi, ya kamata ka san yadda aka gina wurin. Aksul ɗin gaba na Land Cruiser 75, haka nan na tsohuwar Hilux mai sifirin ganye a gaba, gangar ƙarfe ce guda ɗaya da ta ratsa daga ƙafa zuwa ƙafa. A kowane ƙarshenta akwai wani ƙoƙon ƙarfe mai santsi kamar bayan ƙwarya, kuma a kan wannan ƙoƙo ne gwiwar ƙafa, wadda muke kira nokul a gareji, take juyawa dama da hagu idan an murza sitiyari, tana rataye a kan ƙananan boris biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. A cikin ƙoƙon akwai mahaɗar shaf mai ƙwallaye 6 da ake kira Birfield, wadda ke ba shaf, wato sandar ƙarfen da ke kawo wa taya ƙarfin inji, damar juya taya ko da an karkata ta ana shan kwana. A fuskar gwiwar kuma aka ɗaure sifindil, wato bututun ƙarfen da manyan boris biyu na taya ke zama a kansa, na ciki da na waje, suna ɗauke da hob, wato cibiyar ƙarfen da ake ɗaure taya a jikinta, da faifan birki da tayar kanta.

Abin da nake so ka riƙe shi ne cewa ɗakuna uku ne a jere, kowanne da irin abincinsa. Tsakiyar aksul tana cin man giya mai ruwa-ruwa, irin mai lamba 90 da alamar GL-5, wanda bai kai lita 3 ba. Cikin gwiwa yana cin baƙin giris mai sinadarin moli, domin ƙwallayen Birfield suna gogayya ne a ƙarƙashin matsi mai tsanani. Cikin hob kuma yana cin giris ɗin boris na musamman mai jure zafi, mai lamba 2. Abin da ya raba man giya da baƙin giris wani ɗan oyal sil ne guda ɗaya da ke rungume da shaf a can cikin ƙoƙo, wanda faɗinsa bai kai tafin hannun yaro ba. Ranar da wannan sil ya gaza, man giya zai kwararo cikin gwiwa ya narkar da giris ya zama kunu, wani ya tsiyayo ta bayan gwiwar inda kake ganinsa, wani kuma ya bi ta ramin sifindil ya shiga hob ya wanke giris ɗin da ke cikin boris. Sabon boris da aka sa a irin wannan hob yana fara aiki ne da giris, amma kafin wata biyu sai ya koma yana gudu a cikin ruwan baƙin mai haɗe da yashi.

Sai kuma mu tambayi abin da ke kashe shi kansa sil ɗin, domin a nan ne yanayin aikinmu na Kebbi ya shigo. A saman gangar aksul akwai wata 'yar hanyar numfashi mai hula, wadda aka yi domin iskar ciki ta fita idan mai ya yi zafi. Motar da ke shiga fadama takan lulluɓe wannan hula da taɓo, taɓon ya bushe ya zama kamar siminti, ƙurar hunturu ta zo ta ƙarasa toshe ta. Idan motar ta ɗauki lodi ta yi tafiya a zafin watan Afrilu, iskar da ke ciki ta kumbura ba ta da mafita, sai ta tura mai ta wurin da ya fi rauni, wato wannan sil. Da damina kuma abin juyawa yake yi: aksul yana da zafi direba ya faɗa mashigin ruwa, ƙarfe ya huce farat ɗaya, iskar ciki ta tsuke, sai gangar ta zuƙo ruwan gulbi ta kowace kafa da ta samu. Wanda ya kwance notin man aksul ya ga man ya koma fari-fari kamar an dama shi da nono, to ya tabbata ruwa ya shiga, kuma wannan ruwan bai tsallake boris ba.

Akwai dalili na biyu, kuma shi ne ya haɗa mu da rawar sitiyari. Ƙananan boris biyu na gwiwa ba sa zagayawa kamar na taya, ɗan motsi kaɗan suke yi dama da hagu, amma duk dukan da taya ta sha a kan burji su ne ke karɓarsa a wuri guda. Da daɗewa sai 'ya'yan boris su haƙa wa kansu gurbi a jikin zobensu, gwiwar ta fara girgiɗi. Gwiwa mai girgiɗi ba ta riƙe shaf a tsakiyar sil, saboda haka shaf ɗin yana cin leɓen sil ta gefe ɗaya, kuma ita ce ke ba taya damar kaɗawa idan ta faɗa rami har rawar ta hau zuwa hannun direba. Ina kyautata zaton boris ɗin gwiwar motarka ba a taɓa sauya su ba tun da ta shigo hannunka, domin yawancin garejinmu ba sa zuwa can sai abu ya karye.

Kana iya tabbatar da wannan da idonka kafin a kwance ko noti ɗaya. A ɗaga ƙafar da jak, a tokare gangar aksul da abin tsayarwa na ƙarfe ko kututturen itace mai ƙwari, a sa duwatsu a tayoyin baya, domin jak kaɗai ba abin dogaro ba ne ga wanda zai sa hannu a ƙarƙashin mota. A kama tayar da hannu ɗaya a sama ɗaya a ƙasa a jijjiga ta. Idan an ji girgiɗi, sai yaron mota ya shiga ya taka birki ya riƙe, a sake jijjigawa. In girgiɗin ya ɓace, na boris ɗin taya ne, domin birki ya manne hob da gwiwa. In kuwa yana nan, to daga boris ɗin gwiwa yake. Girgiɗin da ake ji idan an kama tayar ta dama da hagu yawanci na kawunan tayarod ne, wato sandar da ke kai motsin sitiyari zuwa ƙafafu, su ma a duba su a lokacin. Sautin ƙas-ƙas-ƙas da ke fitowa idan an sa giyar taimako, wadda ke sa ƙafafu huɗu su ja tare, ana shan kwana sosai, wannan Birfield ne ya cinye.

Shawarata ita ce a kwance ƙafar gaba ɗaya har zuwa ƙoƙo, kuma a yi ƙafafun biyu a zama ɗaya, ko da ta dama ba ta fara kuka ba, tunda shekarunsu ɗaya kuma ruwa ɗaya suka sha. Aikin yini guda ne cur ga bakanike da yaronsa idan kayan suna hannu. Ana sayar da kayan gyaran gwiwa a ƙunshi guda, wanda ya haɗa sil na ciki, da sil na bayan hob, da boris ɗin gwiwa, da gasket, da washa mai kunnuwa, da zoben roba da na auduga matsattsiya da ke share bayan ƙoƙo. A nemi wuri mai inuwa da daɓe, a shimfiɗa buhu mai tsabta, domin giris da aka buɗe a fili ranar da iska ke kaɗawa ya riga ya zama abin wasa wuƙa kafin ya shiga hob.

A wajen kwancewa akwai wurare uku da ake yin ɓarna. Na farko shi ne ƙananan washa masu siffar mazurari da ke riƙe da makullin hob, wato abin da ake murɗawa a tsakiyar taya domin haɗa hob da shaf ko raba su. Waɗannan washa sukan maƙale. Hanyar fitar da su ita ce a ɗora sandar tagulla a kan kusar a buga, sai su yi tsalle su fito, amma masu gaggawa sukan dinga dukan gefen makullin da guduma har ya lotse ya daina zama daidai. Na biyu shi ne manyan noti biyu na sifindil. Girmansu milimita 54 ne, kuma akwai soket ɗinsu na musamman wanda kuɗinsa bai kai na boris ɗaya ba, amma a motoci goma da ake kawo mini, da wuya in sami biyu da notinsu ba su sha saran kurfi ba. Kurfi yana fasa gefen noti, ɓarɓashin ƙarfen ya faɗa cikin boris na waje, kuma babu yadda za a yi mutum ya auna ɗauri da guduma. Idan bakanikenka ba shi da wannan soket, ka saya da kuɗinka ka ajiye a cikin motar. Na uku shi ne siraran faranti da ke ƙarƙashin murfin sama da na ƙasa na gwiwa. Waɗannan ba shara ba ne, su ne suka daidaita gwiwar a tsakiyar aksul tun daga masana'anta, saboda haka na sama a ɗaure su da waya a ajiye daban, na ƙasa daban, na hagu kada su gauraya da na dama. Wanda ya musanya su zai sa sabon sil ya mutu kamar tsohon. Kan birki kuma, wato ƙarfen da ke matse faifan birki, a rataye shi da waya a jikin sifirin, kada a bar nauyinsa a kan tiyon mai. Shaf ɗin yana fitowa ne idan an juya ɓangarorin Birfield biyu masu faɗi suka kalli sama da ƙasa, ba ya bukatar a fizge shi.

Bayan an wanke komai da kananzir ya bushe, sai a zauna a karanta abin da ƙarfe ke faɗa. Watannin baya an kawo mini irin motarka daga wajen Dakingari, da muka zare hob ɗin sai ruwa ja mai tsatsa ya fara zubowa kafin kunun ya biyo baya, kuma da na goge zoben boris na ciki na ɗaga shi a rana, sai ga layuka baƙaƙe a jere daidai tazarar 'ya'yan boris, kowane layi an ci shi kamar gara ta bi ta kai. Wannan alamar motar ta kwana da ruwa a cikin hob ne, ta yi kwanaki a tsaye, tsatsa ta ci daidai inda kowane ɗa ya zauna. Idan kuwa 'ya'yan sun koma shuɗi ko ruwan ƙasa mai duhu, zafi ne ya ƙona su, ko don an tamke su fiye da ƙima ko don giris ya ƙare. Idan fuskar zoben ta yi dishi-dishi kamar an goge ta da yashi, ƙura ce ta shiga ta sil na baya. A shafa sifindil da farce ta ƙasansa, inda boris ke zama. In an ji gaɓa ko an ga alamar boris ya taɓa juyawa a kansa, to sifindil ɗin ya tashi aiki, kuma duk sabon boris da aka ɗora masa zai saki cikin 'yan makonni. Ina zargin wannan ma yana cikin matsalarka, tunda ƙafa ɗaya ce ke ta maimaita mutuwa. A duba bushin tagulla da ke cikin ramin sifindil, a duba shaf daidai inda leɓen sil ke gogawa ko ya yi kwari, a kuma goge tsatsar bayan ƙoƙo da takardar yashi mai laushi domin kada ta yaga sabon zoben auduga. Idan bayan duk wannan sil ya sake zuba da wuri, sai a auna gangar aksul ɗin kanta, domin lodi mai yawa da faɗawa rami da gudu sukan lanƙwasa ta kaɗan yadda ido ba zai gani ba.

Game da sayen boris, sunayen da na yarda da su su ne Koyo, wanda shi ne kamfanin Toyota ya fi sawa a waɗannan motoci tun daga masana'anta, sai Timken da NSK da NTN da SKF. Sai dai kwali ba shaida ba ne, domin masu jabu sun fi ƙwarewa a buga kwali. A duba rubutun da ke jikin ƙarfen ko ya fito tsaf, a gwada lambarsa da ta tsohon da aka cire, a kuma yi shakkar duk wanda aka ce rabin kuɗin na ainihi ne. Boris da zobensa tare ake sauya su. Ɗora sabon boris a kan tsohon zobe, wanda ake yi don gudun wahalar fitar da zoben daga hob, yana daga cikin abubuwan da ke sa sabo ya fara ƙugi da wuri, kuma ya dace ka tambayi bakanikenka ko a sau ukun nan ya taɓa fitar da zoben. Ana shigar da sabon zobe ne a hankali ta hanyar ɗora tsohon a kansa ana bugawa zagaye, har sai sautin ya sauya ya nuna ya zauna a gindinsa.

Cusa giris ma aiki ne na haƙuri. A ɗebi giris a tafin hannu, a riƙa danna faffaɗan gefen boris a kai ana jan sa, har sai giris ya ɓullo ta ɗaya gefen a tsakanin kowane ɗa da ɗan'uwansa. Shafa shi a waje kawai ba ya kai shi inda ake bukata. A sa wani a cikin ramin hob tsakanin zobba biyu, amma kada a cika shi maƙil, domin giris da ya rasa wurin motsi shi ma zafi yake jawowa. Birfield a cika shi da baƙin giris mai moli, cikin gwiwa kuma a zuba har kusan kashi uku cikin huɗu. Kada a gauraya giris iri biyu da ba a san asalinsu ba, domin wasu idan sun haɗu narkewa suke yi, kuma giris ɗin da ake aunawa a gwangwani daga buɗaɗɗiyar durom a bakin tasha ba na wannan aiki ba ne.

Yanzu mu zo ga ɗaurin noti, wanda shi ne zuciyar tambayarka. Boris ɗin taya na waɗannan motoci 'ya'yansa masu tsini ne a gefe ɗaya, suna zaune a cikin zobe mai gangara, saboda haka duk juyin da aka ƙara wa noti yana ƙara cusa su cikin zoben ne kamar yadda ake cusa ƙota a bakin gatari. Idan an bar shi sako-sako, taya za ta riƙa dukan 'ya'ya biyu ko uku kaɗai a kowane rami, ta kuma ci sil na baya. Idan an tamke shi, giris ba zai sami sararin shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe ba, zafi zai kumbura ƙarfen, kumburin ya ƙara matsin, matsin ya ƙara zafin. Na koyi wannan ne da tsada lokacin ina yaron gareji, ranar da aka bar ni in haɗa ƙafar wata Hilux, na sa bututu a kan sufana na ja iya ƙarfina da nufin kada ta saki. Motar ta tashi daga Jega da lodin albasa, ba ta kai Koko ba boris ya narke ya manne da sifindil, hob ya yi ja, tayar ta karkace. Allah ya kiyaye direban yana tafiya a hankali, amma sai da aka yanke boris ɗin da wuta, kuma har yau ina tuna ƙaurin wannan giris a duk lokacin da na ɗauki soket.

Ga yadda ake yi bisa ƙa'idar da Toyota ta tsara wa irin wannan aksul. Bayan an sa boris na waje da washa mai harshe da ke shiga kwarin sifindil, sai a ɗaure notin farko da sufana mai awo har niyutan-mita 59, wanda ya yi daidai da rataya nauyin kilo 6 a ƙarshen sanda mai tsawon mita 1, ko kilo 12 a kan rabin mita. A juya hob ɗin dama da hagu sau da dama domin 'ya'yan su zauna, giris mai yawa ya matse. Wannan ɗaurin na zaunarwa ne kawai, ba a barin sa a haka. Sai a sassauta notin har hannu ya iya juya shi, sannan a sake matsa shi kaɗan-kaɗan ana aunawa. Abin awon kuwa ba wani baƙon abu ba ne, sikelin rataye ne mai ƙugiya irin wanda masu sayar da kifi a Yawuri ke amfani da shi. A saƙala ƙugiyar a ɗaya daga cikin kusoshin taya, ba tare da kan birki ko makullin hob a jiki ba, a ja a miƙe ta gefen da hob zai juya, a karanta nauyin da sikeli ya nuna daidai lokacin da hob ya fara motsi. Abin da ake nema shi ne daga wajen kilo 3 zuwa ƙasa da kilo 6. Daga nan a sa sabuwar washa mai kunnuwa, a ɗaure noti na biyu a kanta sosai, sannan a sake aunawa da sikeli, domin noti na biyu yana tura na farko ciki ya ƙara matsin, kuma sau da yawa sai an koma an ɗan rage. Idan awon ya tsaya daidai, a lanƙwasa kunne ɗaya ciki a kan notin farko, ɗaya waje a kan na biyu. Tsohuwar washa da aka riga aka lanƙwasa aka miƙe kunnuwanta karyewa suke yi, kuma idan suka karye babu abin da ya rage tsakanin tayar da barin motar sai zaren noti. Ita ma gwiwar da irin wannan sikeli ake auna taurin juyawarta, a kunnen da tayarod ke shiga, kafin a ɗaura zoben auduga, ana ƙara ko rage siraran farantin nan daidai wa daida sama da ƙasa. Kusoshi huɗu da ke riƙe da hannun sitiyari a jikin gwiwa a tabbatar sun ɗauru, a kuma riƙa leƙa su, domin sukan saki a motar da ke bin burji.

Kada a rufe aikin ba a taɓa hanyar numfashin nan ba, in ba haka ba an yi aikin banza. A kwance ta a wanke a hura a ji iska na wucewa. Abin da nake yi wa motocin fadama shi ne in cire hular in sa dogon tiyo, in ja shi sama zuwa cikin ɗakin inji kusa da bangon gaban direba, in sa masa ƙaramar matatar fetur a baki, bakin yana kallon ƙasa. Kuɗin wannan bai taka kara ya karya ba, kuma yana hana taɓo toshewa, yana hana zuƙar ruwa ta nan. A yi wa aksul na baya haka. A zubar da tsohon man giya a sa sabo, takalman birkin da suka sha mai kuma a sauya su, domin wanki ba ya fitar da man da ya shige su.

Akwai kuma abin da ya rataya a wuyan direba. Motarka ba ta da abin raba gudu tsakanin ƙafafun gaba da na baya, saboda haka tafiya da giyar taimako a kan kwalta busasshiya tana murɗe shaf da Birfield, musamman a kwana. Da an fito daga yashi ko laka a cire ta, a mayar da makullan hob biyu kan FREE. Amma barin su a buɗe wata da watanni shi ma illa ne, domin haƙoran aksul na sama da ba sa cikin mai sukan yi tsatsa, shi ya sa Toyota ta ce a riƙa kulle su ana tafiya aƙalla kilomita 16 a kowane wata. Makulli ɗaya a kulle ɗaya a buɗe kuskure ne da nake yawan gani. Idan an iso mashigi bayan doguwar tafiya, tsayuwar minti goma aksul ya ɗan huce ta fi sauƙi a kan kwance ƙafa. Tayoyi masu faɗi da wili mai turo taya waje, waɗanda samari ke sha'awa, suna ƙara wa boris na waje da na gwiwa nauyin da ba a yi su dominsa ba, kuma ga mai ɗaukar buhuna lamba 7.50R16 da motar ta zo da ita ta wadatar.

Masu Hilux ɗin da ba ta da gangar aksul a gaba, wadda kowace ƙafa ke motsi ita kaɗai, ba su da ƙoƙo da gwiwar da na bayyana. Su robar da ke rufe mahaɗar shaf za su riƙa dubawa kada ta yage, da kuma boljon na sama da na ƙasa, wato mahaɗai masu ƙwallo da ƙafar ke juyawa a kansu. Amma boris ɗin tayarsu, a ƙirar da ta gabaci ta 2005, irin wannan ɗaurin da awon yake bi. Daga ƙirar 2005 ne aka koma boris rufaffe wanda ba a sa masa giris ba a kuma daidaita shi, sai dai a matse shi da inji a fitar a sa wani.

Ga motar da ke tafiya a kwalta, sabunta giris ɗin boris a wajen kowace kilomita 40,000 ya isa, amma taka ba da kilomita za a yi mata lissafi ba, da damina za a yi. A buɗe hob sau ɗaya a shekara da zarar ruwa ya ɗauke a watan Oktoba, kafin jigilar kaka ta kankama, kuma duk ranar da ruwa ya haura tsakiyar taya a kwance notin man aksul washegari a ga launinsa. A saman gwiwa akwai wani noti mai kai murabba'i, ta nan ake leƙa baƙin giris a ƙara idan ya ragu. Bayan wannan gyara, a tafiyar farko da lodi, direbanka ya tsaya bayan kilomita 20 ko 30 ba tare da ya yi ta taka birki ba, ya ɗora bayan hannunsa a kan hob na hagu da na dama. Ɗumi ba laifi ba ne, amma idan ɗaya ya fi ɗaya zafi sosai, ko hannu ya kasa zama a kai, ya juyo a sake awo. Idan motar ta yi kamar kilomita 1,000, a sake ɗaga ƙafafun a jijjiga su, domin sababbin zobba sukan ƙara zama kaɗan, kuma a lokacin ne za ka leƙa bayan gwiwar ka ga ko ɗan danshin giris ne kawai a jikin ƙoƙon, ko kuwa kunun ya dawo.